Miya Ba Mai

Shekara ashirin da biyu ina matsar gyaɗa a Gujungu,
hannuna kan ji mai tun bai tsatso ba,
yau ga ni ina kaɗa wa mijina miya ba ko ɗigo.

Tuwon dawa ne ya fara tsaya masa a ƙirji,
muka ce gaggawa ce, Ilu bai iya cin abinci a zaune ba.
Sai fura ta tsaya. Sai koko.
Ranar da ruwan randa ya dawo masa ta hanci
ƙanensa Sabitu ya sayar da riɗi buhu shida,
muka bi motar Kano da asuba.

Daji ne, in ji su, a maƙoshi.
Na ce daji kuma?
Mutumin da ya sare daji ya yi gona,
ashe dajin ya biyo shi har wuya.

Awa bakwai suna kansa.
Suka yanke inda ya lalace, suka jawo tumbinsa sama suka haɗa,
yadda ake ƙulla igiyar guga in ta tsinke.

Kwana uku lafiya lau.
A na huɗu ni na fara gani:
kwalbar nan ta ƙarƙashin gado,
wadda robar haƙarƙarinsa ke tsiyaya a ciki,
jiya ruwanta ja-ja,
yau fari fat, sai ka ce an tatso saniya.

Na kira nas, nas ta kira likita, likita ta kira babbanta.
Ɗalibai suka kewaye gadon da littattafai,
wani ya ce shi dai sai a hoto ya taɓa gani.
Likitar ta zauna kan tabarmata, ta zana min a bayan kati:
akwai wata siririyar hanya a bayan ƙirji, ba ta kai tsinken tsintsiya biyu ba,
ita ke kai maiƙon abinci cikin jini,
ita wuƙa ta shafa.
Cikin mutum ɗari, ta ce, da ƙyar a sami uku.
Na ce Ilu ko a ƙuri'ar rabon taki sunansa bai taɓa fitowa ba.

Ba mai, ba nono, ba gyaɗa.
Kwana goma sha tara ina gadin kwalba.
Ni da ban yi boko ba na koyi lamba a jikinta:
ɗari tara, ɗari bakwai, ta koma ɗari takwas na kwana ban runtsa ba,
ɗari biyu,
sai wata Laraba ta wayi gari a bushe.

Yanzu muna gida.
Yana cin loma biyar ya huta, yana barci a jingine da buhun ƙaiƙayi,
muryarsa ta dishe kamar ta wanda ya kwana kiran awaki.
Likita ta ce a ƙara haƙuri da mai zuwa wata mai kamawa.
Na kwashe turmi da kasko na kai gidan Ladiyo, can bayan rijiya,
don kada ƙamshi ya zalunce shi.

Jiya na dawo da magariba, na wanke hannu sau uku da toka.
Ya yafito ni, na kai kunne bakinsa.
Ya ce, Tasalla, iska ta juyo nan da la'asar,
kaskon ƙarshe kin bar ƙulin ya ƙone.