Fayil Ɗina Zai Sauko Rami

Shekara talatin da ɗaya ina shiga cikin dutse,
a yammacin Pennsylvania,
inda aka gama haƙar farar ƙasa
aka bar wa takardu ramin.
Da hunturu nakan shiga rana ba ta fito ba,
in fito ta riga ta tafi,
sai ka ce maƙwabciyar da muke gaba.

Aikina lissafa hutun wasu.
Mai rabon wasiƙu daga Ohio, gwiwa ta ƙare.
Mai gadin gandun daji daga Montana.
Wata mai duba nama a mahauta
da ta sa hannu da koren biro, na mayar mata.
Duk sun biyo ta teburina a bangon kwali,
ban san fuskar ko ɗaya ba.
Na san ranar da suka fara,
na san ranar da suka gaji.

Yau ga fom ɗin a kicin ɗina,
tsakanin gwangwanin sukari da maganin hawan jini.
Darlene Kovalcik, na rubuta,
hannuna na rawa.
Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Na san dabarun, ni na koya wa yara a ofis:
ki bari sai ƙarshen wata ki sauka,
kar ki zubar da hutun ciwon da kika tara,
awa dubu ɗaya da ɗari tara nake da su,
kowace mura da na zo aiki da ita
yau ta zama 'yan daloli.
Ki riƙe inshorar lafiya kamar igiyar rijiya.
Asusun ajiya kuwa, kaɗan kaɗan daga albashi,
na fara a makare,
shekarar da muka gama biyan rufin gida.
Sau biyu kasuwa ta faɗi da shi,
sau biyu na rufe ido na ƙi leƙawa.

Wannan duk lissafi ne, na iya.

Shafi na uku ne ya tsayar da ni.
Akwati ƙarami, bai kai farce ba:
a rage miki kashi goma tun yanzu,
in kin riga shi tafiya, a ba shi rabi.

Wendell yana gyaran injin kwashe dusar ƙanƙara,
ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu.
Na karanta masa.
Ya ce, ke Darlene, bar kuɗinki,
ni da na sha taba shekara ashirin,
ni zan riga ki, kowa ya sani.
Ya yi dariya, tari ya kama shi.

Ban ce komai ba.
Na tuna wani fayil, shekara tara ke nan,
wasiƙar wani dattijo cikin rubutun fensir:
ta ce ni zan fara tafiya, sai ta yi mini wayo,
ko akwai abin da ya rage?
Na duba sau uku.
Babu.
Ni na buga amsar, ni na liƙe ambulan,
na ci abincin rana a mota ran nan.

Na cike akwatin, na danna biro har ya huda takarda.

Talatin ga Yuni zan miƙa katin shiga.
Marcy Dombrowski za ta kawo kek mai lemon tsami,
za a ce na huta.
Bayan mako kaɗan fayil ɗina zai sauko ramin ba ni,
ya faɗa hannun wata yarinya sabuwar ɗauka.
Allah sa ta ƙirga awannin nan daidai.

Ni kuwa ina da wani shiri da ba fom ɗinsa:
kujerar ƙarfe a bayan gida, kusa da tumatir,
ƙarfe goma na safiyar Talata.
Ina so in ga abin da rana take yi
duk shekarun nan da ba na nan.