Daƙiƙa Tara

Jikata Jagoda ce ta haɗa abin
ranar da za a kai ni asibitin Bialystok.
Ta yaye zanen da ke kan tsohuwar kwamfuta,
ta ɗora ta a teburin kicin,
ta tokare ta da gwangwanin shayi
har ƙaramin idonta ya kalli taga.
Tagar na kallon falwaya,
bisa falwayar kuwa sheƙar shamuwa ce
wadda ta girmi Jagoda da shekara shida.
Ta danƙa mini waya, ta ce,
"Kaka, nan za ka taɓa. Kai tsaye ne."

Kai tsaye, in ji ta.
Na ari wayar nas na kira Genowefa,
na ce ta fita tsakar gida ta ɗaga mini hannu.
Kunnena ya ji kukan ƙyaure,
amma sai da na ƙirga tara
kafin ta bayyana a tafina, da ludayi a hannu.
Ashe gidana yana biye da ni a baya
da daƙiƙa tara.

Gado na huɗu, jikin bango.
Ruwan leda na ɗiga, sheƙa na kan ƙirjina.
Abin ba ya kawo sauti:
namijin ya sauka, ya karya wuya baya,
yana kaɗa baki kamar mai faɗa a bayan gilashi.
Ni nake cika masa ƙarar da haƙoran roba.

Wincenty na gado na uku,
direban jirgin ƙasa ne kafin huhu ya ci amanarsa,
ya leƙo ya ce, "Tarin kirare kake kallo?"
Kwana uku bayan haka, tun da asuba,
shi ne mai taɓa ni: "Ta juya ƙwan?"
In hoto ya tsaya cak
da'irar nan ta hau bin jelarta kamar kwikwiyo,
tare muke zagin intanet ɗin asibiti
har nas ta ce mu ji tsoron masu barci.

Daren Laraba, ban san ko mage ce ba,
ko gwangwanin ne ya gaji,
idon ya zame daga taga.
Ga murhu. Ga rabin kalanda.
Ga Genowefa, ƙarfe biyu saura,
ta jera kofi biyu.
Ta cika nata, ta cika nawa,
ta zauna tana kallonsa har tururin ya mutu,
sannan ta mayar da shi cikin buta
ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Shekara arba'in da bakwai,
ban taɓa ganin yadda take zama
in ba na ɗakin ba.

Wincenty ya ce, "Ina tsuntsuwar?"
Na kife wayar a bargo, na ce caji ya ƙare.

Da safe ta kira.
"Barci na yi har da minshari," in ji ta.
Na ce, ni ma.
Na ce, abin nan fa kamar ya karkace.

Sai ga fuskarta ta cika allo,
tabarau a tsinin hanci, goshi a murtuke,
tana ƙunƙuni da bakin da ba na ji.
Rufi ya wuce, labule ya wuce,
yatsanta ya rufe duniya baki ɗaya,
sannan taga.

Wuya uku, tsirara, suna rawa a bakin sheƙa.
Sun fito cikin dare, ba wanda ya gani.
Wincenty ya rantse ya ga na huɗu.
Muka manna kai da kai muna jira,
yana tari, ina ƙirga.