Gutsuro Mini, Gwaggo

Asuba ta yi a Gwammaja,
na matse makilin har ya koma kamar takarda,
ko ɗigo bai fito ba.
Na farke cikinsa da reza, wayam.
Albashi kuwa sai nan da kwana tara.

Gwaggo Tasalla na tsugune bakin rariya,
ta ciro curin sabulun salo daga gwangwanin madara,
baƙi ƙirin, da warin toka da man kaɗe.
Ta ce, "Dangwala kaɗan, kar ka haɗiye.
Abin da ya fid da dauɗar wuya,
haƙori ne zai gagare shi?"

Na dangwala.
Ɗaci ya hau harshe kamar maɗaci,
kumfa a baki, hawaye a ido,
na kurkure sau bakwai.
Ranar har shayin Malam Ɗanjummai sabulu-sabulu ya yi mini.
Tana ta dariya da haƙoranta cif-cif,
ni kuwa turmina tun bara yake rawa.

Da albashi ya shigo na tsaya shagon Sagiru,
ya faɗi kuɗin makilin,
na jujjuya kwalin, na ajiye masa.

Bayan magariba na leƙa ɗakinta.
"Gwaggo, gutsuro mini."