Ranar Kwashe Kaya

Akwati goma sha ɗaya na ɗaure yau,
na sha biyun ta ce in bar mata.
Ni ne direba, ni ne mai buga wasiƙa,
ni ne mai tuna mata lokacin maganinta.
Shekara talatin da ɗaya a majalisar Manitoba,
Orysia Danyluk,
ga abin da ya rage: ƙusa a bango, ƙura a kan kanta.

Ranar da ta fara zuwa zauren
mai gadi ya tare ta, wai matar wane ce?
Ta ce, "Matar Taras. Yana gida yana tatsar shanu.
Kujerar da kake tsaro kuwa, tawa ce."

Mun ci hanya. Mota huɗu muka kashe.
Sau biyu ƙanƙara ta binne mu a hanyar arewa,
muka kwana inji na kunne, shayi ya huce,
ita tana karanta kukan manoman alkama da tocila,
tana gyara musu lissafi da jan biro,
ni ina ƙirga yatsun ƙafata, ko suna nan.

Shekara goma sha tara tana roƙon gada
a kan rafin da ya ci motar Kowalchuk da 'ya'yansa biyu.
Aka gina.
Aka sa mata sunan ministan da ya zo da almakashi,
wanda takalminsa bai san lakar wurin ba.
Na cika na yi fam. Ta dube ni ta ce,
"Lorne, gada ba ta karanta allonta.
Motar madara ta haye ko ba ta haye ba?"

Wata goma sha huɗu ta yi tana minista.
Ran da jam'iyya ta ce a rufe asibitin karkara
ta miƙe ita kaɗai a layinsu ta ce a'a.
Kafin gari ya waye an karɓe mukulli,
an mai da ita kujerar baya, bakin ƙofa,
inda sanyi ke shigowa.
Ba ta yi ƙorafi ba. Rigar ulu ta saya.

Kada in shafa mata kwalliyar da ba ta nema ba.
Da hannunta aka rufe makarantar ƙauyensu,
yara tara suka rage, lissafi ya ka da zuciya.
Ƙanwarta Lesia ta yi shekara shida
tana tsallaka titi in ta hango ta.
Taras kuma ya cika ana muhawarar kasafi,
mun iso an riga an rufe masa ido.
Ba ta taɓa ta da zancen ba, ni ma haka,
sai dai in mun zo kwanar asibitin
takan miƙa hannu ta kunna rediyo.

Zaɓe takwas. A na biyar
da ƙuri'a sittin da biyu ta sha.
Kowa ya daɗe ya ga daɗau:
waɗanda suka yi mata ihu a zauren coci
yau jikokinsu ne suka kawo mata fure.

Na leƙa akwatin nan na sha biyu.
Littattafan aljihu ne, sun kai ɗari,
suna bayan suna:
wadda fanshonta ya maƙale,
wanda rijiyarsa ta yi gishiri,
wanda ɗansa ya tafi birni bai yi waya ba.
Wasu an ja musu layi.
Da yawa ba a ja ba.

Litinin wani saurayi zai zauna a nan.
Ta bar masa mukulli, da lambar mai gyaran famfo.
Ina kashe fitila waya ta yi ƙara.
Na ce, "Ba tamu ba ce yanzu, Orysia."
Ina! Ta riga ta ɗauka,
tana laluben biro a aljihun rigar ulu:
"Faɗi sunan a hankali, ɗiyata,
kunnen ne ya tsufa."