Jan Fenti a Tumfure

Ni ne mai riƙe bakin igiyar awo.
Ba ni da kujera a ɗakin taro,
wurina bakin ƙofa ne, kusa da randa,
inda ake barin takalma.

Ran Talata suka shimfiɗa taswira a kan tebur,
suka danne gefunanta da kofunan shayi.
Injiniya Kwairanga ya ja shuɗin layi da biro,
ya ce, "Nan ruwa ke bi. Tun ba a haife mu ba, nan yake bi.
Wanda ya yi gini a nan, a kan hanyar wani ya kwanta."
Kansila Gidado ya ce a bi a sannu,
mutanen nan fa suna da takarda.
Aka ce takardar wa?
Ta mai unguwa, ta dillali,
ta wancan da ya rasu bara
bayan ya sayar wa mutum uku fili ɗaya.
Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Arɗo Sambo ya dogara sandarsa ya miƙe:
"Burtalin da kakana ya kora shanu a kai,
yau gidan bulo ne da shagon cajin waya.
Ta sama za su bi?"
Magatakarda ya rubuta: za a duba.

Ran Alhamis aka miƙo mini bokitin jan fenti.
Gida goma sha bakwai.
Na yi takwas hannuna bai yi rawa ba.
Na tara na Inna Yelwa ne,
wadda ta ba ni tabarma a zaurenta
shekarar da na baro Pindiga da jaka ɗaya.
Katangar nan, da ƙafata na kwaɓa ƙasarta.

Kwarin bayan gidan ya ci taku huɗu daga damina zuwa yau.
Ya ɗauke gwaiba, ya ɗauke banɗaki,
yanzu yana leƙen murhu.

Ta fito tana goge hannu da bakin zane,
ta dubi bokitin, ta dube ni.
"Tanimu, shafa da kyau,
kada ka yi mini tsattsagin kaza a bango.
Ai ruwa ya riga ka sa hannu."
Ta nuna tsagar da ta taso daga tushe har indararo.
"Ba na jayayya da kwari, ya fi ni haƙori.
Amma sabon filin da suka yanka mana can yamma,
na je na gani da idona:
ba rijiya, ba inuwa, ba ko allon makaranta,
turaku ne kawai a tsaye kamar masu zaman makoki.
Ka gaya musu su fara kai ruwa
kafin su kai mutane."

Na shafa. Ya fita sarai.

Talatar da ta biyo, daga bakin ƙofa,
na ɗaga hannu.
Shekara shida ina nan, ba su san muryata ba.
Na faɗi maganarta yadda ta faɗa, ban rage gishiri ba.
Ɗakin ya yi tsit.
Kwairanga ya juya biro, ya ɗiga ƙaramin da'ira a yammacin taswira,
ya rubuta rijiya, ya sa alamar tambaya.

Har yau, in na zo alwala,
jan nan na ƙarƙashin farcena.