Milimita Tamanin

A kasuwar tsofaffin kaya ta Jena, ranar Asabar,
tsakanin agogon da ya daina numfashi
da cokulan azurfa da suka rasa 'yan'uwansu,
na gan shi kwance cikin safar ulu ƙwaya ɗaya:
idon kyamara, milimita tamanin,
baƙin fentinsa ya koɗe inda yatsu suka saba kamawa.

Tsoho Rauchfuss ya ce Yuro sittin.
Na ɗaga shi ga rana,
fumfuna ta yi saƙar gizo a cikin gilashi.
Na taya arba'in, ya ce albarka.
Muka rabu a hamsin, kowa na ganin shi ya ci riba.

Wannan ido ba ya ƙari, ba ya ragi.
Ba ya jawo dutsen Jenzig ya ajiye maka a tafin hannu,
ba ya buɗa ɗakin haya ya mai da shi fili.
Yadda aka ba ka gani, haka yake ba ka.
In kana son kusa, sai ka taka.

Dare uku ina warware shi a teburin girki,
'yan kusoshinsa cikin murfin kwalbar zuma.
Tsohon giris ya daskare kamar kakide.
Ganyayen ƙarfen nan masu tsuke haske
sai da suka gama gardama
kafin su yarda su buɗe, su rufe,
kamar mai farfaɗowa daga doguwar suma.

Ran Lahadi na hau tarago zuwa Lobeda,
hawa na tara, inda mahaifiyata Irmtraud
ke zaune da bargo a gwiwa tana ƙirga tattabaru.
Shekara talatin da ɗaya ta yi a masana'anta
tana goge gilashi da jan gari da ruwa,
har zanen yatsunta ya shafe.

Ta karɓa, ta jujjuya, ta kai lambar jikinsa dab da hanci.
"Shekarar da na haife ki, Almut, ko wadda ta biyo.
Wataƙila ta hannuna ya bi.
Wataƙila ta hannun Gundula, mai tarin nan."
Ta yi shiru har firji ya gama gurnani.
"Kin san ban taɓa leƙawa ta cikin ko ɗaya ba?
Akwati suke shiga,
su tafi ƙasashen da mu ba a barinmu zuwa."

Ashe mai haƙa rijiya ce ta kwana da ƙishi.

Na ɗaura shi a jikin kyamara, na zura fim mai faɗi,
hoto goma sha biyu kacal, kowanne mai kusurwa huɗu daidai.
Na ɗora mata a cinya.
Ta sunkuya kamar mai duba ruwa a randa.
Na matsa dama, ta gan ni na yi hagu.
Ta yi dariya har haƙoran roba suka motsa.
"Tsaya wuri ɗaya, ja'ira!"
Ƙaras.

Kafin shayi ya huce ta cinye sha biyun:
labule, silifas, rabin tattabara,
rufin ɗaki har sau uku.

Da na wanke, ɗaya ne ya yi rai.
Ta sare mini kai daga gira zuwa sama,
fuskata hazo-hazo,
amma maɓallin rigata na uku ya fito tar,
yana lilo a zare guda.

Na kai mata. Ta daɗe tana kallo,
babban yatsanta na zagaya gefen takardar,
zagayen nan na shekara talatin da ɗaya.
"Gilashin ba laifi," ta ce.
"Cire rigar nan, miƙo mini allura."