Ɗigon Ja a Ƙetaren Kogi

Ni ce mai niƙa wa babana launi:
jar ƙasa, baƙin gawayi, ɗigon mai,
har tafin hannuna ya yi kanta.

Litinin zuwa Asabar, Lemuel Pettiford
fentin keken-doki yake yi a Madison,
yana ja wa ƙafafun keken wasu layin zinariya.
Lahadi kuwa, in an tashi daga coci,
sai mu hau tudu da allo da guntun burodi,
Kogin Ohayo na kwance ƙarƙashinmu
kamar bai taɓa ganin komai ba.

Shanu yake zanawa.
Uku, wani lokacin huɗu, sun tsoma ƙafa a ruwa,
ciyawa ta kwanta inda iska ta bi,
gajimare ya tsaya jiran la'asar.
Sai ya ɓata wuni kan inuwar bishiya guda,
ya goge, ya yi tsaki, ya sake.

Wani attajiri ya zo daga Sinsinati,
sarƙar agogo na lilo a tumbinsa.
Ya dubi zanen, ya dubi hannun da ya yi shi,
ya sake duban zanen.
"Kai ka yi wannan?"
Baba ya ce, "Shanun ma sun taimaka, sun tsaya cik."
Dala tara ya biya.
Wai abin da ya burge shi, babu damuwa a ciki.

Babu damuwa.
Bai lura da ƙetare ba,
gaɓar Kentaki, inda kore ke komawa toka-toka.
Can gindin wata bishiya akwai ɗigon ja,
bai fi kan allura ba.

Kowane zane da nasa.
Shi ne na ƙarshe da yake sawa,
da silin buroshi, yana riƙe da numfashi.
Ina shekara sha ɗaya na tambaya.
Ya daɗe yana wanke abin da ya riga ya wanku.

"Ɗankwalin kakarki ne, Keziya.
Asubar da na haye,
kuɗin mai kwalekwale na mutum ɗaya ne.
Ita ta tura ni da ƙafa.
Sau ɗaya na waiwaya."

Yau tana rataye a falo goma sha bakwai,
saman murhu, kusa da fiyano.
Masu gida kan nuna wa baƙi, su ce fure ne.
Wata ta ce tsuntsu.

Ragowar jan na nan a kwalba.
Ya bushe. Ban zubar ba.